Amsoshin Tambayoyinku: Me ya hana masana yanayi amfani da tsari ɗaya?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: me ya hana masana bin tsari ɗaya wajen musayar bayanan da na'urorin auna yanayi da ruwa ke tattarawa?

To Malam, tarihi ne ya jawo, domin kowane rukuni ya gina nasa tun kafin su zauna tare. Hukumar Yanayi ta Duniya, WMO, tana da BUFR na rahotannin tashoshi da GRIB na hasashe. Masu bincike a Amurka suka ƙirƙiro NetCDF. Ƙungiyar OGC, wadda aka kafa a 1994, ta kawo SensorML domin bayyana ita kanta na'urar, wace iri ce, ina aka girka ta, me take aunawa. A 2016 ta ƙara da SensorThings saboda ƙananan na'urori masu haɗe da intanet.

Inda gizo ke saƙa shi ne aikinsu yana cin karo. Kamar tiya ce, ta wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba. Wani ya rubuta ruwan sama da milimita, wani da inci. Idan bayanin ma'aunin ya salwanta wajen juya bayanan daga wannan tsari zuwa wancan, lissafin ambaliya ya karkace, kuma mai gona a bakin kogi ne zai ji a jikinsa. Wannan ne ya fi damuna.

Ana dai ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 2011 OGC ta karɓi NetCDF cikin ƙa'idojinta, a 2012 kuma ta fitar da WaterML 2.0 domin bayanan koguna da rijiyoyi.