Taswirar tauraron ɗan'adam: abin da take nuna wa makiyayi da abin da take ɓoyewa

A ƙarshen kowace damina ma'aikatan kiwo kan zo taro da wata taswira mai launi-launi, su ce a nan akwai ciyawa, a can babu. Darasinmu na yau a kan wannan takarda yake. A aikina na kula da lafiyar bisashe na lura yawancin dabbobin da muke rasawa daga Maris zuwa Yuni yunwa ce ke fara karya su, cuta ta ƙarasa. Wanda ya iya karanta taswirar tun Oktoba yana da lokacin shiri.

Yadda ake samun hoton

Akwai taurarin ɗan'adam da ke zagaya duniya suna ɗaukar hoton ƙasa. Na Amurka, Landsat, sun fara aiki a 1972. Na Turai, Sentinel-2, sun fara a 2015, kuma suna komowa kan wuri guda kusan kowane kwana 5. Hotunan duka biyun kyauta ne. A Yamai, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 tana cikin masu sarrafa irin waɗannan hotuna don ƙasashen Sahel.

Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da idonmu ba ya gani amma na'ura tana kamawa. Yashi da busasshiyar ƙasa ba sa yin haka. Da wannan bambanci kwamfuta ke auna yawan tsiro, ta shafa launi. Galibi kore mai duhu yana nufin tsiro da yawa, rawaya kaɗan, ja kuwa kusan babu. Amma launi na iya sauyawa daga taswira zuwa taswira, don haka kullum ku nemi a karanta muku bayanin da ke gefen takardar.

Hoton ɗigo-ɗigo ne. A Sentinel-2 ɗigo ɗaya fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, a Landsat mita 30. Ke nan ba a ganin saniya ko akuya. Ana ganin gona, tabki, daji da burtali.

Daga launi zuwa cimaka

Launi kaɗai ba ya ciyar da garke, sai an yi lissafi. A ƙarshen damina ma'aikata kan fita wurare da aka keɓe, su yanki ciyawa, su shanya, su auna, sannan su gwada nauyin da abin da hoton ya nuna. Da haka ake ƙiyasta kilo nawa ke cikin kowace hekta.

Ma'aunin da muke aiki da shi dabba ce mai kilo 250. Tana bukatar kilo 6 da kwata na busasshiyar ciyawa a rana. A kwana 270 na rani, wajen kilo 1,700 ke nan. Sai dai ba duk ciyawar fili ke shiga cikin dabba ba: gara ta ci, iska ta kwashe, ƙafa ta tattake. Kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafawa. Misali, filin da ke da kilo 900 a hekta, kilo 300 ne rabon bisashe. Saniya ɗaya za ta bukaci kusan hekta 6 kafin ruwa ya dawo. Ku ɗauki wannan lissafi ku gwada da hurumin garinku da yawan dabbobin da ke shigarsa.

Inda taswira ke ruɗarwa

Na'ura kore take gani, ba ta san mai daɗi da mai ɗaci ba. Filin da garmani, wanda wasu ke kira hatsin Makka, ya mamaye yana fitowa kore shar, alhali bisashe ba su damu da shi ba. Wannan ciyawa ta cinye burtali da hurumi da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Haka tumfafiya. Filin ƙarangiya da gadagi kuwa, ko ya fito fari-fari a hoto, ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Na biyu, ciyawa na bushewa na'urar ta daina ganinta sosai. Taswirar da aka yi a Oktoba labarin Oktoba take bayarwa. In gobara ta ci filin a Disamba, ko masu kwasar ciyawa sun share shi da amalanke, takardar ba ta sani ba. Ku riƙa tambayar ranar da aka ɗauki hoton.

Na uku, ciyawa ba ruwa ba ta da amfani. Hoto na nuna tabki, amma ba ya faɗin zurfinsa, ba ya faɗin ko rijiya ta rushe. Inda ciyawa ta yi kyau kuma mashaya ɗaya ce, nan garkuna ke cunkushewa, nan ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki ke yaɗuwa. In taswira ta nuna kowa wuri ɗaya zai nufa, a yi rigakafi kafin a tashi.

Itatuwa da burtali

Hoton rani shi ya fi nuna itatuwa, domin ciyawa ta bushe, itace kaɗai ya rage kore. Gawo ma sai da rani yake da ganye. Da masana suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000, sun tarar itatuwa sun ƙaru a gonakin Maraɗi da Damagaram a fili mai kusan hekta miliyan 5, albarkacin sassaben zamani da manoma suka runguma. Wannan ribarmu ce mu ma, domin ƴaƴan gawo da na kalgo su ke riƙe awaki da bazara.

Irin wannan gwaji na tsohon hoto da sabo shi ne babban makamin ƙungiya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, wato COFO. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Amma gaban kwamiti, "da can burtalin ya fi haka faɗi" magana ce da kowa zai iya musawa. Burtali mai faɗin mita 50 ɗigo biyar ne a hoton Sentinel-2. In na bana ya nuna biyu, an samu abin da manomi da makiyayi da maigari za su duba tare, sannan a je filin da dattawan da suka san iyaka.

Abin da ƙungiya za ta yi bana

1. Ku je ma'aikatar kiwo ta gundumarku ku nemi taswira da sakamakon lissafin ciyawa da zarar sun fito.
2. Ku tura mutum biyu su taka wurin da aka ce kore ne, su dawo da sunan ciyawar da halin ruwa.
3. In lissafi ya nuna giɓi, ku sayar da tsofaffi da raunana tun suna da ƙiba, ku sayi dusa da harawa kafin su yi tsada.
4. Ku share hanyoyin tare wuta a inda ciyawa ta yi kauri.
5. Ku roƙi COFO ta garinku ta sa burtali da mashaya a taswira, ku ajiye kwafi a hannun magatakardan ƙungiya.

Mai tambaya ya kawo ta taron wata mai zuwa, ya zo da taswirar yankinsa mu karanta tare. Allah ya ba mu rani mai sauƙi.