Kafin Ka Sauke Kaya a Kano: Abin Yi da Abin Bari ga Mai Iyali

Iyalai na ta kwararowa birnin Kano. Wani canjin wurin aiki ne ya kawo shi, wani kasuwa, wani kuwa 'yan bindiga ne suka raba shi da garinsu a Zamfara ko Katsina. Tambayar da yawancin magidanta ke fara yi wa dillali ita ce ɗaki nawa ne, kuma haya nawa. Maganar makarantar yara sai an sauke kaya an kafa gado ake tuna ta. Wannan kuskure ne babba. Mai 'ya'ya makaranta yake fara nema, sannan hanyar zuwa makarantar, gida ya zo na uku. Ga sharuɗɗan, kuma babu na wasa a cikinsu.

Kada ka biya kuɗin haya ranar da aka nuna maka gida. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi zai kwana a gidan ba. Zai ce maka akwai wani na tafe da kuɗi a hannu. Ka bar wancan ya biya. Ka dawo da sassafe lokacin fitar 'yan makaranta, ka sake dawowa bayan isha'i ka ga su wa ke zama a bakin layin, me suke sha, da me suke riƙe da shi. In so samu ne ka ga layin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. In da rani ka zo, dubi gindin katangun maƙwabta, shatin ruwa ba ya ɓuya.

Ka taka hanyar makarantar da ƙafarka, ba a mota ba. Titin Zariya, titin Katsina, titin Haɗeja da titin Maiduguri hanyoyin tirela da tankar mai ne. Idan gida na wannan tsallake makaranta na wancan, kuma babu gadar masu tafiya a ƙasa kusa, wannan gida bai dace da mai ɗan firamare ba, ko da kyauta aka ba shi. Ka lura da kududdufi, da buɗaɗɗiyar kwata, da kangon da aka yi watsi da shi, da lungun da babu mai zama a ƙofar gida.

Kada araha ta rufe maka ido. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin, don haka adaidaita sahu ne abin hawan yara, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗinsa bai koma yadda yake ba. Wanda ya kama gida mai sauƙi a Danbare ko Mariri alhali makarantar yaransa tana Nassarawa, abin da ya rage a haya zai zuba shi a kuɗin mota, ya ƙara da yaran da ke isa aji a gajiye. Ka zauna da biro da takarda ka haɗa haya, kuɗin makaranta na zango uku, kuɗin mota da kuɗin ruwa, sannan ka san wane gida ne mai araha.

Kada fenti da dogon sunan Turanci su ruɗe ka. Makarantun kuɗi sun cika unguwanni, kuma da yawansu gidan haya ne mai 'yan ɗakuna aka mayar makaranta. Ka nemi ganin takardar rajistar makarantar da idonka, ka tambayi wane ne mai ita, tun yaushe yake unguwar, su wa suka san shi. Wanda ya ga wannan bincike ya yi yawa, ya tuna da Hanifa. Yarinya 'yar shekara 5, aka sace ta a watan Disambar 2021, aka gano gawarta a watan Janairun 2022, kuma wanda kotu ta samu da laifi ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022 shi ne mai makarantar da iyayenta suka damƙa masa amanarta. Abin ya girgiza Kano har gwamnati ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Ba ana cewa ka zargi kowane malami ba. Yawancinsu bayin Allah ne masu haƙuri da ɗan albashi. Amma mutumin da ɗanka zai bi ba tare da tsoro ba, wajibi ne ka san ko wane ne shi. Mai makarantar da ya ɓata rai don ka yi tambaya, ya riga ya ba ka amsa.

Ka shiga aji, kada ka tsaya a ofishin shugaba. Gani ya kori ji. Ɗauki littafin wani ɗalibi ka ga ko malami na duba aiki da gyara. Nemi ɗan aji huɗu ya karanta maka layi biyu, da Hausa da Turanci. Ƙirga yaran da ke ajin. Leƙa banɗaki, ka ga ko na mata daban ne kuma ko akwai ruwa, domin 'yan mata da yawa a kan wannan suke ƙin zuwa makaranta ba tare da sun faɗa ba. In bene ne, dubi bango da matakala da ƙofar fita. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a kan ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Sannan ka tambaya ko malaman bara su ne na bana. Makarantar da ke canza malamai kowane zango ba ta biyan su, kuma ba ta koyarwa.

Kada ka kai ɗanka inda ake alfahari da cewa kowa na cin WAEC da NECO ko bai yi karatu ba. Satar amsa suke sayarwa, kai kuma tarbiyyar ɗanka za ka biya da ita.

Kada ka raina makarantar gwamnati don kawai ta gwamnati ce. Cunkoso gaskiya ne, zaman ƙasa gaskiya ne, shi ya sa ma gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Amma makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka kafa tun 1977, na gwamnati ne, kuma likitoci da injiniyoyin da suka yaye ba su ƙirguwa. Ka auna kowace makaranta da abin da ka gani a cikinta.

Ka kai gaisuwa wurin mai unguwa da liman tun kafin ka tare, ba sai rigima ta taso ba. Daga nan ka zauna wurin mai shayi da mai shagon bakin layi, su ne ba sa ɓoye-ɓoye. Tambaye su kai tsaye: yaushe rabon da a yi faɗan daba a nan? Ana ƙwacen waya? Akwai 'yan sintiri, kuma nawa ake tara musu? Ina caji ofis mafi kusa? Mai ɗa namiji ɗan shekara goma sha wani abu ya fi kowa buƙatar waɗannan amsoshi, domin majalisar ƙofar gida tana koyar da yaro fiye da ajinsa.

Kada kuma ka yanke wa unguwa hukunci da sunanta. A unguwar da aka yi wa mummunan suna akwai layin da dattawa suka tsaya tsayin daka ya zauna lafiya, a unguwar masu dogayen katangu kuma akwai inda za ka yi ihu babu maƙwabcin da zai leƙo. Layi za ka bincika, ba suna ba.

Kada ka yanke shawara uwargida ba ta ga wurin ba. Ita ce za ta wuni a gidan. Ita za ta shiga wurin matan maƙwabta ta jiyo abin da ba za a gaya maka ba: ko rijiyar na ƙafewa da rani, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, wace Islamiyya ce ke tashi kafin magariba. Gidan da ba ruwa, 'ya'yanka mata ne za su riƙa fita da asuba nemansa. Ku kuma san asibitin da za ku nufa in zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar dare.

Mai yaro mai asma ya shaƙi iskar wurin da kyau kafin ya kama gida daf da masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai.

Kada ka tumɓuke ɗan ajin ƙarshe na sakandare a tsakiyar shekara. Rajistar jarrabawarsa tana haɗe da makarantarsa. In akwai ɗan'uwa amintacce, ya zauna wurinsa ya gama. Sauran yaran kuwa ka karɓo musu takardar canjin makaranta da sakamakonsu kafin a ɗaure kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan kun tare, ka sa kowane yaro ya haddace lambar wayarka da sunan layinku. Ka rubuta wa makarantar boko da Islamiyya sunayen waɗanda ka yarda su ɗauko yaranka, ka gaya wa yaran cewa ko malami ne ya ce su hau adaidaita su bi shi, ba da izininka ba kada su hau. Ka riƙa zuwa taron iyaye da malamai da kanka, kada ka aika.

Malam maigida, in ka duba duk wannan ka ga gidan bai cika ba, ka bar iyalinka inda suke na wani zango, ka ci gaba da nema.