Hoton Haƙori: Yaushe Ya Zama Dole, Yaushe Za Ki Ce A Dakata?

Darasinmu na wannan fitowa a kan hoton haƙori ne, wato hoton eksire da likita kan ce a je a ɗauko kafin ya taɓa bakin mutum. Da yawanmu idan aka miƙo mana takardar hoton nan abu uku ne ke faɗo mana a rai. Shin hasken ba zai yi mini illa ba, musamman in ina da juna biyu? Shin dole ne, ko dai neman kuɗi ne? Sannan me zan ce wa maigida, wanda ya ba da kuɗin cire haƙori kawai?

Bari mu fara da abin da ya sa ake yin sa. 'Yar uwa, abin da kike gani a madubi ba shi ne haƙorin duka ba. Saiwarsa tana binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya rufe ta, kuma yawanci ta fi abin da ke waje tsawo. Likita ma da fitilarsa da ɗan madubinsa iyakar abin da ke fili yake gani. Ruɓewar da ta fara a tsakanin turame biyu, inda aswaki da buroshi ba sa kaiwa sosai, takan yi nisa ba a sani ba. Haka wadda ta shiga ƙarƙashin tsohon ciko. Haka mugunyar da ta taru a ƙarshen saiwa, da ƙashin da ciwon dasashi ya zaizaye, da turmin ƙarshe da ya kwanta a karkace ya kasa fitowa, da guntun saiwar da mai cire haƙori na bakin kasuwa ya karya ya bari a ciki. Duk waɗannan sai da hoto. Akwai ma ƙari da kan tsiro a cikin ƙashin muƙamuƙi, ya yi ta girma a hankali ba zafi, har fuska ta karkace. Hoto ne ke nuna girmansa da inda ya kai.

Hoton kansa iri-iri ne. Akwai ƙarami, wanda ake sa wani ɗan fefe a cikin baki, ya ɗauki haƙori biyu ko uku tun daga kai har saiwa. Akwai wanda ake cizawa, shi kuma tsakanin turame yake leƙawa. Akwai babba, wanda za ki tsaya ki ɗora haɓa, na'ura ta zagaya kanki ta fito da muƙamuƙi duka a hoto ɗaya. Sai wani na zamani mai nuna ƙashi ta kowace fuska, wanda ba a cika buƙatarsa ba sai in za a yi tiyata mai wuya ko dashen haƙori.

Maganar tsoron haske

Tsoron nan yana da asali, ba za a ce shirme ba ne. Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ne ya gano hasken a 1895. A farkon 1896 wani likitan haƙori a Jamus, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, kuma sai da ya yi minti 25 hasken na dukansa kafin hoton ya fito. A Amurka kuwa Edmund Kells, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki, ya yi shekaru yana sa hannunsa cikin hasken ba kariya, har aka yanke masa yatsu, daga baya aka cire hannun gaba ɗaya. To ashe hasken na iya cutarwa in ya yi yawa. Amma ƙaramin hoton yau ko daƙiƙa ɗaya ba ya kaiwa, kuma an matse hasken ya tsaya a daidai inda ake so.

Abin tambaya shi ne, nawa ne ke shiga jiki? Masana suna auna shi da wani ma'auni da ake kira maikrosibat. Ki riƙe sunan na ɗan lokaci, don da shi za mu yi awo. Ko ba ki taɓa shiga asibiti ba, irin wannan haske yana riskarki kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da iskar da kike shaƙa, har da abinci. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa a matsakaici mutum kan samu kimanin 2,400 a shekara, wato wajen 6 zuwa 7 ke nan a kowace rana. Ƙaramin hoton haƙori guda ɗaya kuwa kimanin 5 ne, da na'urar zamani ma yakan gaza haka. Kin ga bai kai abin da kike samu a yini ɗaya kina zaune a tsakar gidanki ba. Babban mai zagaya kai yakan kama daga wajen 10 zuwa 30, kwatankwacin na 'yan kwanaki. Wadda ta hau jirgi daga Kano zuwa Jidda ta dawo, abin da ta samu a sama ya fi na ƙaramin hoton haƙori, kuma ban taɓa jin wadda ta fasa Umara saboda wannan ba. Wanda yake da nauyi shi ne hoton kai na babbar na'urar nan ta sitisikan, da ke kaiwa wajen 2,000. Kada a haɗa su a kwando ɗaya don kawai duk sunansu hoto.

Za ki ce, to in babu komai me ya sa mai ɗaukar hoton yake fita ko ya laɓe bayan bango? Saboda ke sau ɗaya za a yi miki ki tafi, shi kuwa aikinsa ke nan safe da yamma, shekara da shekaru.

Wataƙila an taɓa turo miki saƙo a WhatsApp cewa hoton haƙori na jawo ƙari a ƙwaƙwalwa. Tushen maganar wani bincike ne da aka buga a Amurka a 2012, inda aka tambayi mutum sama da 1,400 masu wani irin ƙari na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, aka ga sun fi sauran mutane faɗin cewa an yi musu hoton haƙori. Sai dai binciken ya dogara ne da abin da mutane suka iya tunawa na shekaru masu yawa, ba da takardun asibiti ba, kuma yawancin hotunan an yi su ne a zamanin da hasken ya fi na yanzu ƙarfi. Don haka bai tabbatar da cewa hoton ne sanadi ba. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, haɗarin ƙanƙane ne ƙwarai, amma ba sa cewa babu shi sam. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce kada a ɗauki hoto sai da dalili, kuma a yi da mafi ƙarancin hasken da zai wadatar.

Mai juna biyu da mai shayarwa

Nan ne aka fi cutuwa, kuma ba hoton ke cutarwa ba, gudunsa ne. Mace za ta yi wata huɗu tana fama da haƙori, ba barci ba cin abinci, tana danna kanumfari, tana haɗiyar ƙwayoyin kyamis barkatai, wai sai ta haihu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, domin mugunyar da ke baki da magungunan da ba likita ya rubuta ba sun fi hoton zama barazana gare ta da abin da ke cikinta. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bayyana a 2013 cewa duba haƙori da yi masa magani, har da hoto da allurar kashe zafi, ba su da laifi ga mai ciki. A wajen masana, ba a ga tawaya ko ɓari ba daga hasken da bai kai kwatankwacin 50,000 na ma'aunin nan namu ba. Ki tuna ƙaramin hoto 5 ne, kuma baki aka nufa da shi, ba mara ba.

Duk da haka ki faɗa wa likita kina da ciki, ko kina zaton akwai. Wannan ba wurin kunya ba ne. In hoton na duba lafiya ne kawai, ba ciwo ba kumburi, yana iya cewa a bari sai kin sauka. In kuwa akwai ciwo, a yi. Mai shayarwa kuma ta ba ɗanta nono da zarar ta fito, hasken ba ya zama a jiki balle ya shiga nono.

Akwai rigar dalma mai nauyi da aka saba ɗora wa mutum a ƙirji da wuya. A 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ba da shawarar a daina amfani da ita, har ga masu ciki, saboda na'urorin yanzu ba sa watsa haske, kuma rigar kan tare wani sashe na hoton har a sake ɗauka. Wurare da yawa suna nan suna amfani da ita. In an ba ki ki sa, in ba a ba ki ba kada ki ɗauka an yi miki sakaci.

Sai a yi ta yi duk shekara?

A'a. Wannan al'ada ta hoto duk shekara ta fi ƙarfi ne a Amurka, inda kamfanonin inshora da yawa ke biyan kuɗinsa sau ɗaya a shekara, har ya zama kamar ƙa'ida. Amma jagorar da ƙungiyar likitocin haƙorinsu da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar suka fitar a 2012 ba haka ta ce ba. Ta ce likita ya fara duba baki tukuna, sannan ya yanke ko ana buƙatar hoto. Babban mutum da ba shi da ruɓewa kuma ba a yi masa tsoronta, hoton cizawa bayan wata 24 zuwa 36 ya isa. Wanda haƙoransa ke yawan ruɓewa, wata 6 zuwa 18. Yaro mai yawan ruɓewa wata 6 zuwa 12, mai lafiyayyen baki wata 12 zuwa 24. Yaron da haƙoransa na nono suke da tazara, ana ganin tsakaninsu da ido, yana iya zama ba ya buƙatar hoton ma sam. Yara sun fi manya saurin jin hasken, don haka a kansu ne ya fi kamata uwa ta tambayi dalili.

Mu a nan, gaskiya, ba yawan hoto ne matsalarmu ba. Mafi yawanmu ba ma zuwa sai kunci ya kumbura. Wanda ya zo a wannan hali kuwa, da wuya a ce hoton bai zama dole ba. A ganina, in za a cire turmi, musamman na ƙarshe na ƙasa wanda saiwarsa kan kusanci jijiyar da ke ba leɓe ji, ko za a yi wankin saiwa, ko yaro ya faɗi haƙori ya girgiɗe, ko akwai kumburi, to kada ki yi jayayya. Amma in kin je wankin haƙori ne kawai, ko dasashinki na ɗan jini kamar yadda yakan yi wa masu ciki, kuma tun ba a ce ki buɗe baki ba aka rubuta miki babban hoto, kina da damar ki ce, "Likita, don Allah me ake nema a hoton nan? Ƙaramin ba zai wadatar ba?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma juyo da hoton ya nuna miki inda baƙin yake.

Batun kuɗi

Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma yana sauyawa kamar na kayan cefane, saboda haka ki tambaya kafin ki zauna a kujera. Abin da bai sauya ba shi ne jerinsu: ƙarami ya fi araha, mai zagaya kai ya ninka shi, na zamanin nan mai nuna kowace fuska ya fi su duka tsada nesa. Asibitin gwamnati yawanci ya fi sauƙi, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen haƙori. Sai dai ki sa kuɗin kati da na mota a lissafi, da yiwuwar a tura ki wani wuri in na'ura ta tsaya. In kuna da inshorar lafiya ta wurin aikinki ko na maigida, ki fara biyawa ta teburinsu ki ji abin da suke ɗauka.

Shi kuma maigida da zai ce, "Haƙori ne fa kawai, a cire mana, mene ne na hoto?", ki yi masa lissafin a hankali bayan ya ci abinci. Zafin haƙori yakan yi yawo, mutum ya rantse na sama ne alhali na ƙasa ne. In aka cire wanda ba shi ba, an yi asarar lafiyayyen haƙori, ciwon na nan, kuma za a sake biya. In saiwa ta karye ta zauna, sai an tsaga dasashi. Wani lokaci ma hoton ne zai nuna ciko kawai ake buƙata, haƙorin ya tsira.

Hoton da kika biya naki ne. Ki karɓe shi, ki rubuta kwanan wata a jikin ambulan, ki ajiye tare da katin awo da na rigakafin yara. In a kwamfuta aka ɗauka, ki roƙa a turo miki a waya. Idan kika koma wani asibiti bayan 'yan watanni, sau da yawa shi zai hana a sake ɗauka a sake caji.

Ranar da za ki je babban hoton, ki bar ɗankunne da sarƙa da abin hanci a gida, domin ƙarfe yana ɓata hoto har a ce a maimaita. Yadi ba ya tare hasken, don haka ba lallai ne ki cire ɗankwali ko hijabi ba matuƙar ba zai saƙale na'urar ba, amma fil da ribom mai ƙarfe sai an zare. Haƙorin roba na cirewa shi ma a cire shi. Na Makka da ke manne ba komai, fari kawai zai fito a hoton. Kuma idan kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiyar yawu ta gagara, wannan ba na jiran ranar ganin likitan haƙori ba ne. A kai mutum sashen gaggawa a daren, ko mai ciki ce, domin irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi.