Darasi: Sikeli da Igiya

A Garbadu muna da dogaye, muna da ƙarfafa. In mun je asibiti a Talata Mafara, akan ɗora mu bisa sikeli, a auna tsawonmu, a yi lissafi. In lissafi ya wuce 25, sai a ce nauyi ya yi yawa.

Amma sikeli ba ya rarrabe tsoka da kitse. Tsoka ta fi kitse nauyi. Dogo ɗan kokawa ya kan wuce 25, alhali ba shi da teɓa.

Ga dabara. Mu yanki igiya daidai tsawonmu. Mu ninke ta gida biyu. Mu zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakinta bai haɗu ba, kitse ya yi yawa. Kitsen ciki ya kan jawo hawan jini da ciwon sukari. Sai mu ga likita.