Ɗana, Ka Ji Labarin Clough da Abokinsa

Ɗana, zo ka zauna kafin a kira magariba, domin tun jiya da na ji ku kuna gardama a ƙofar gida kan Nottingham Forest, kuna yaba Ola Aina da Taiwo Awoniyi, wani tsohon labari ya dawo mini, kuma ina so in ba ka shi tun bakina yana da sauran ƙarfi. Kulob ɗin nan da kuke yi wa kallon ƙarami ya taɓa zama sarkin Turai shekara biyu a jere, a hannun wani mutum mai suna Brian Clough.

An haife shi a Middlesbrough, a arewacin Ingila, a shekarar 1935, a gidan talakawa mai yawan 'ya'ya. Ɗan wasan gaba ne da Allah ya ba shi ƙafa, domin tsakanin Middlesbrough da Sunderland ya zura ƙwallo 251 a wasa 274 na lig. Sai ranar 26 ga Disamba, 1962, a wani wasa da Bury, ana tsananin sanyi, ya yi karo da mai tsaron gida, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Yana da shekara 27. A wancan zamani likitoci ba su iya ɗinke irin wannan rauni kamar yau ba, saboda haka ya yi jinya kusan shekara biyu, ya dawo ya buga wasa uku kacal, gwiwa ta ce ba ta yarda ba.

Na san samari da yawa da abin da bai kai wannan ba ya zaunar da su a dakali har tsufa, suna ba da labarin abin da da sun zama. Shi kuwa yana ɗan shekara 30 ya karɓi aikin koci a Hartlepools, kulob na rukuni na huɗu da ko kuɗin mota yake nema ya gagare shi, har shi da kansa yake yawo cikin gari yana neman gudummawa. Amma ka lura da abu na farko da ya yi: ya nemo Peter Taylor, tsohon golan Middlesbrough, wanda tun suna samari ya fara gane baiwarsa yana yabonsa gaban mutane. Clough yana da baki da kwarjini, ya san yadda zai sa yaro ya yi abin da bai san zai iya ba. Taylor kuma yana da ido, shi ke zuwa ƙananan filaye cikin ruwan sama ya tsinto ɗan wasan da kowa ya raina. Tare suka koma Derby County a 1967, suka fito da ita daga rukuni na biyu, suka ci kofin lig na Ingila a 1972, karo na farko a tarihinta.

To amma baki shi ke yanka wuya, ɗana. Clough ba ya iya ganin abu ya yi shiru, a talabijin ko a jarida, har ta kai ga ya saɓa da shugaban Derby ya bar aiki a 1973. A 1974 aka ba shi Leeds United, zakarun ƙasar a lokacin, Taylor kuwa bai bi shi ba. Da isarsa ya tara manyan 'yan wasan da suka yi shekaru suna cin kofuna, ya ce musu su zubar da lambobinsu a kwandon shara domin da maguɗi suka same su. Ko da a ce akwai gaskiya a maganar, ba haka baƙo yake shiga gidan mutane ba, kuma ranar babu aboki a gefe da zai taka masa ƙafa. Kwana 44 ya yi aka sallame shi.

A Janairun 1975 ya tafi Forest, tana rukuni na biyu, ya yi ta lallaɓawa har Taylor ya zo a 1976. Daga nan abin sai ka ce tatsuniya: sun haura a 1977, sun ci lig a 1978, sun yi wasa 42 na lig a jere ba a doke su ba, sun ɗauki kofin Turai a 1979 kan Malmö da ci ɗaya, suka sake ɗauka a 1980 kan Hamburg. Akwai wani John Robertson da suka tarar a kulob ɗin ya yi ƙiba an fitar da rai da shi, suka gyara shi. Shi ya bugo ƙwallon da Trevor Francis ya ci da ka a wasan ƙarshe na farko, shi kuma ya ci ta na biyun.

Wannan Robertson ɗin ne ya zama sanadin rabuwar Clough da Taylor. Taylor ya yi ritaya a 1982, bayan 'yan watanni ya dawo ya karɓi Derby, sannan a 1983 ya ɗauke Robertson ba tare da ya sanar da abokinsa ba. Ban wanke Taylor ba, domin ko sallama ce ya kamata ya yi. Amma Clough ya ɗauki abin da zafi, ya zage shi a jarida, ya yanke magana da shi, kuma garuruwan nan biyu, Nottingham da Derby, maƙwabta ne, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Shekara bakwai ba sa magana, ɗana. Mu da addini ya hana mu ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, mun san nauyin wannan, amma ka duba unguwar nan tamu ka ƙirga gidajen da ake irinta.

A Oktoban 1990 Taylor ya rasu a tsibirin Majorca yana da shekara 62, ba su shirya ba. Clough ya je jana'iza, daga baya kuma da ya rubuta tarihin rayuwarsa sai ya sadaukar da littafin gare shi. Wane amfani wannan ya yi wa wanda ke kwance? Giya ta ci ƙarfin Clough a shekarunsa na ƙarshe, Forest ta faɗi daga Firimiya a 1993, shekarar da ya ajiye aiki, ya rasu a 2004. Yau a ƙofar filin Derby akwai mutum-mutuminsu su biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, mutanen gari sun haɗa su bayan sun tafi.

Ba don ƙwallo na tsare ka ba. Mahaifiyarka ta gaya mini wata huɗu ke nan ba ka magana da abokin nan naka da kuka buɗe shago tare, wanda ya raba jarinsa biyu ya ba ka rabi lokacin da ba ka da ko sisi. Ban tambayi wanda ya yi laifi ba, kuma ba zan tambaya ba, domin mai yiwuwa kai ne mai gaskiya. Ga ladan nan ya fara gyaran murya. Idan an idar da salla, don Allah ka bi ta ƙofar gidansu ka yi masa sallama kafin ka wuce gidan kallo.