Darasin Kasuwanci: Zaɓen Manhajar Shiga Rumbun Bayanai

Duk kamfanin da harkarsa ta bunƙasa har littafin ciniki ya gaza ɗaukar lissafinsa, yakan koma ga rumbun bayanai na kwamfuta. Wanda bankuna da manyan shaguna suka fi amfani da shi shi ne mai jera bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, kamar na kaya da na masu saye da na basussuka. Edgar F. Codd na kamfanin IBM ne ya fito da wannan tsari a 1970, kuma harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi ana kiransa SQL.

Rumbun yana zaune ne a babbar na'ura da ake kira uwar garke. Akawu ko ma'aji ba ya isa gare shi sai ta wata manhaja da ke kwamfutarsa, wadda aikinta na ɗan aike ne: ta kai tambaya, ta komo da amsa.

Matakin farko shi ne sanin irin rumbun da kamfani yake da shi, domin kowanne da nasa ɗan aiken. MySQL yana da MySQL Workbench, PostgreSQL yana da pgAdmin da psql, Oracle yana da SQL Developer, SQL Server kuwa yana da Management Studio, wadda ke aiki a kan Windows kaɗai. Dukkansu kyauta ake samunsu. Kamfani mai rumbu iri biyu ko uku yana iya ɗaukar DBeaver, wadda ke magana da kusan kowanne. Mai son jawo lissafi zuwa Excel kuwa yana iya amfani da direban ODBC, tsarin da Microsoft ya fitar a 1992.

Mataki na biyu shi ne karɓar abubuwa biyar daga mai kula da rumbun: adireshin uwar garke, lambar ƙofa, sunan rumbun, sunan mai shiga da kalmar sirri. Idan ba a sauya ba, ƙofar MySQL 3306 ce, ta PostgreSQL 5432, ta SQL Server 1433, ta Oracle kuma 1521.

Na uku, a tabbatar zubin manhajar ya dace da na rumbun. Alal misali, MySQL 8.0 da ya fito a 2018 ya sauya hanyar tantance mai shiga, abin da ya sa tsofaffin manhajoji da dama suka kasa buɗe shi ko da kalmar sirri daidai take.

Na huɗu shi ne tsaro. A sauko da manhajar daga shafin masu ita kaɗai, domin wadda aka tsinto a wani wuri tana iya zuwa da ɓarawon kalmar sirri a cikinta. A kunna kariyar TLS, kuma kada a ba ma'aikaci ikon gogewa alhali aikinsa dubawa ne. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara idan ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanan jama'a da suka saɓa mata.

Saboda haka ya kamata mai kamfani ya nemi a rubuta masa sunan manhajar da aka zaɓa, da inda aka samo ta, da jerin ma'aikatan da aka ba izinin shiga, ya kuma sa a soke izinin duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi.