Kafin Ka Ɗauko Kwikwiyo: Darasi Kan Kiwon Kare

Darasin wannan fitowa ya shafi wata dabba da muke gani kullum a lungunan Darki da ƙauyukan kewaye, amma ba mu cika tsayawa mu yi nazari a kanta ba, wato kare. Da yawanmu mun san yaron da ya ɗauko kwikwiyo saboda sha'awa, bayan mako biyu ya gaji da shi, ya bar shi yana yawo a bola. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ɗauki kare ya ɗauki amana biyu: haƙƙin dabbar, da lafiyar mutanen unguwa.

Don me za ka ajiye shi?

Wannan ce tambaya ta farko. Malaman addini sun karantar da mu cewa an yarda a ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gadin gona. Sun kuma ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Ke nan ba a ajiye shi don wasa kawai, kuma ba a azabtar da shi. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13. Ɗan aji ɗaya da ya ɗauko kwikwiyo yau zai gama sakandare karen na nan da ransa. Don haka sai da izinin iyaye, kuma a san wanda zai riƙa ciyar da shi.

Ci da sha da makwanci

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Idan ya zo gida, a ba shi abinci sau uku ko huɗu a rana, in ya girma sau biyu ya isa. Ragowar tuwo kaɗai ba ya gina jikinsa, yana bukatar ɗan nama ko kifi ko ƙwai. Akwai abubuwan da muke ci lafiya amma suna cutar da shi, kamar albasa, tafarnuwa, goro da cakulan. Dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji.

A ware masa kwanonsa daban da na mutanen gida, kuma kada ruwa ya yanke a ciki. Kare ba ya fitar da zafi ta gumi kamar mu, ta haki yake rage shi. Ɗaure shi a tsakar rana a watan Afrilu zalunci ne da kan iya kashe shi. A yi masa 'yar rumfa nesa da wurin salla da madafa, a riƙa kwashe kashinsa ana binnewa, domin akwai ƙwan tsutsar ciki da ke kama yara masu wasa da ƙasa. A duba kunnuwa da tsakanin yatsunsa saboda kaska.

Allurar da ta fi komai muhimmanci

Nan ne zuciyar darasin. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata biyu zuwa uku alamu ke bayyana, lokacin da raunin ya warke har an manta da shi. Daga nan sai zazzaɓi, ruɗewa da tsoron ruwa. Da zarar alamun sun fito, da wuya ƙwarai a tsira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inmu da ƙannenmu.

Abin farin ciki, akwai rigakafi. Masanin Faransa Louis Pasteur ne ya fara yi wa mutum allurar a shekarar 1885, kuma ranar da ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka ware a matsayin ranar yaƙi da cutar a duniya. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo ita idan ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. A nemi likitan dabbobi, a karɓi katin shaida, a adana shi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na daina yaɗuwa a cikinsu.

Idan kare ya ciji mutum

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, har tsawon minti 15.
2. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya shafe-shafen maganin gida.
3. A kammala alluran da likita ya rubuta, kada a tsaya a ta farko.
4. Idan an san karen, a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jinkirta zuwa asibiti saboda haka.

'Yan'uwa, babban haɗari shi ne ɓoyewa. Yaro yakan yi shiru don tsoron faɗa, alhali shirun ne ke halakarwa. Ka faɗa wa iyayenka ko malaminka nan da nan.

Haƙƙin maƙwabta

Karen da aka saki yana kashe kajin mutane, ya kori awaki, ya tsorata yara a hanyar islamiyya, ko mota ta buge shi a babban titi. A tsare shi a gida, in za a fita da shi a sa masa igiya. Mu ma mu daina jifan karnuka, kada mu taɓa wanda ke cin abinci ko karya mai shayarwa. In baƙon kare ya tunkaro ka, kada ka ruga. Ka tsaya cik, ka kawar da ido, sannan ka ja da baya a hankali.

Aikin gida: duk mai kare a gidansu ko a maƙwabta, ya tambaya yau ko an yi masa allurar bana. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta